Kod Ɗina a Salular Zakiru

Assalamu alaikum. Wadda ta rubuto a ƙasan shafi cewa "Hamdiya ba ta da zuciya, ordinater ne a ƙirjinta," wato kwamfuta, na gani. Karanta wannan, sai ki sake rubutowa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Hamdiya, ƴar Dakoro. Na yi karatun rezo, wato haɗa kwamfutoci da intanet, a Fas, ƙasar Maroko, da bursi, tallafin karatu. Na dawo bara. Ina aiki a biro, wato ofishin wani proje, shiri mai kula da lafiyar dabbobi, katangarsa a jingine take da ta gidanmu. Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini maganar aure. Wannan aikin Gwaggo Uwale ne, ƙanwar Baba, kuma ba ta hutu a kansa, ko ranar salla.

Mai nemana Zakiru ne. Yana da shagon dussa da abincin dabbobi a bakin kasuwa, da mota mai buɗaɗɗen baya, da gashin baki. Na sa gashin bakin cikin dukiyarsa don shi ma can yake sa shi. Baƙi wuluk, a taje, da ɗan mai. Yana shafa shi da yatsa biyu kafin ya yi magana, ya sake shafawa in ya gama.

Baba ya ce ranar Alhamis bayan magariba yake son amsata, don magabatan Zakiru suna son su zo gaisuwa. Bai matsa ba. Cewa ya yi, "Eh ko a'a, amma da bakinki."

Eh na yi niyyar cewa. Ku riƙe wannan.

Ba don mota ba. Tun da na dawo, duk wanda ya zo zance "Madam Maroko" yake ce mini, ya tambaye ni ko Larabawa suna cin tuwo, ya yi dariya shi kaɗai. Zakiru ma haka ya fara. Sai wata rana ya daina, ba tare da na ce masa komai ba. Ya ce, "Hamdiya sunanki, shi zan riƙa kira." Wani zuwan ya kawo ɗanyen na'ana'a daga Maradi, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma don kada ya yi yaushi. Ya ce, "Na ga kamar shayinmu na nan bai yi miki ba." Wani zuwan kuma, muna zaune a zaure, ya dubi ƙasa ya ce, "Aikinki babu mai taɓa miki shi. In ma za ki ƙaro karatu, ni zan kai ki tasha."

Ban taɓa gaya wa kowa a garin nan cewa ina son ƙaro karatu ba. Ƙawata Kausar kaɗai ta sani, wadda muka yi ɗaki ɗaya a Fas, yanzu tana Yamai. Mu ba mu iya hira a WhatsApp ba. Dogon mel, wasiƙar intanet, muke rubuta wa juna da Faransanci, al'adarmu ce tun muna ɗalibai. A ciki nake zubar da duk abin da na haɗiye a gida. Da na samu aiki ma, na kwaso tsofaffin wasiƙun duka na zuba a akwatin mel ɗina na biro.

Na rubuta mata: Kausar, akwai namiji ɗaya a Dakoro da yake ji kafin a faɗa.

Ta amso: To me kike jira?

Yanzu sai kun yi haƙuri na shigar da ku biro, don can abin yake.

Da na kama aiki, kod ɗin wifi ɗaya ne, a rubuce da alli a bayan ƙofa. Mai shayin ƙofar biro ya san shi. Ƴan kabu-kabu sun san shi. In ma'aikaci zai aika rahoton rigakafi Yamai da tsakar rana, sai ya jira su gama kallon kokawa. Shugabanmu, Mushe Mamani, wato Malam Mamani a Faransance, ya kira ni ya ce, "Malama Hamdiya, ki kore mini garin nan daga cikin rezona."

Ga abin da na yi. Akwai ruter, ƴar akwatin nan mai ƙahoni da ke rataye a bango. Shi na mayar mai gadi. Duk wanda ya nemi shiga, shafi zai buɗe masa a salula: suna, kod. Amma mai gadin bai san kowa ba. Sai ya ruga ciki ya tambayi sarber, wato babban ordinater da ke ɗakin ajiya kusa da firijin allurai. A kan sarber na dasa wani shiri mai suna Radiyus, aikinsa kawai ya amsa wa mai gadi: eh, ko a'a. Na sa musu wata kalmar sirri tsakaninsu, don kada wani ya yi shigar mai gadi ya je tambaya.

Saura abu ɗaya: a ina Radiyus zai san wane ne wane? Zan iya buɗe wa kowa sabon suna da sabon kod na wifi kaɗai. Amma kowane ma'aikaci yana da kont, wato asusu da sunansa da kod ɗinsa, a kan sarber tun da, da shi yake buɗe mel ɗinsa da takardun aiki. Kuma na san mutanena. Kod ɗaya ma sai an rubuta a tafin hannu. In na ƙara na biyu, ni zan koma mai gadin. Sai na ce wa Radiyus ya tambayi sarber ɗin kansa: duk wanda yake da kont a nan, a bar shi ya wuce.

Ranar farko kowa a'a aka ce masa. Har Mushe Mamani.

Ya tsaya a kaina da salula a hannu. "Na ce ki kori gari, ban ce ki kore ni ba."

"Yanzu, Mushe."

"Wai haka ake yi a Maroko? Mu nan in an sa ƙofa, akan bar wa mai gida hanya."

Kuskure biyu ne. Sarber ba ya ajiye kod a fili. Niƙa shi yake yi, ya ajiye niƙaƙƙen a wani fayil da ba kowane shiri yake da izinin buɗewa ba, ni kuma na manta ban ba Radiyus izinin ba. Na biyu, dole ruter ya miƙa kod ɗin yadda mutum ya rubuta shi, don sarber ya niƙa da kansa ya gwada da wanda yake ajiye. Shi kuwa ruter yana dagula shi ta tasa hanyar kafin ya miƙa. Na gyara duka biyun kafin azahar. Mushe Mamani ya shiga, ya ce, "To." A bakinsa wannan yabo ne. Ƴan kabu-kabu suka yi mako ba sa gaishe ni.

Tsarin yana da aibi ɗaya, kuma na san shi. Makulli ɗaya ne yake buɗe wifi, ya buɗe mel, ya buɗe takardu. Malaminmu a Fas ya faɗa. Ya fito a jarrabawa. Na ci makin.

Sai dai malaminmu ba shi da Gwaggo Uwale.

Rezon biro yana tsallake katanga ya sauka tsakar gidanmu, daidai inda ake ɗaure akuya. Nan Gwaggo take zama da kujera tana sauraron bokal, saƙon muryar da ɗanta Abarci yake aiko mata daga Aljeriya. Ranar da na kori gari, da ita na kora.

"Ke ɗiyar nan, mi na yi miki?"

"Gwaggo, dokar biro ce. Ma'aikata kaɗai."

"Ni da na goya ki, yau ni ce ba ma'aikaciya ba? Kin san kashin da na wanke?"

Mushe Mamani ya hana a buɗe wa na waje kont. Gwaggo kuma ba a ce mata a'a sau biyu. Na karɓi salularta na sa mata sunana da kod ɗina. Duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, shafin yakan sake tambaya, ta miƙo, na sake sawa. Sai aka tura ni Maradi wani horo. Kuran ya ɗauke. Ta kira ni tana cewa Abarci ya aiko bokal, wataƙila ma rashin lafiya ne, kuma in wani abu ya same shi ba ta ji ba, ni ce. Gwaggo ta yi lakkal, makarantar boko, har aji shida, tana gane baƙaƙe. Na fita bayan ɗakin horo, na danna, na karanto mata kod ɗin baƙi bayan baƙi cikin bokal. Na ce ta goge in ta gama. Ta ce, "To mi zan yi da shi?"

Abarci lafiyarsa ƙalau. Hoton sabon takalmi ya aiko.

Ranar Talatar nan da ta wuce, Mushe Mamani ya tarar da mai shayi yana kallon kokawa, da kod ɗin direbanmu. Ya dawo yana huci. Na ce abu mai sauƙi ne: zan gaya wa ruter suna ɗaya, salula ɗaya. In wani yana ciki da sunanka, kai sai ka tsaya waje, kuma a ranar za ka daina kyauta da abin da ba naka ba. Na sa dokar. Ordinater ɗina da igiya yake haɗe, ba ruwansa da mai gadi. Na ɗauko salulata in gwada.

A'a. Wannan sunan yana ciki.

Na ce Gwaggo ce. Sai na tuna tun da sassafe ta tafi bikin suna a garin Sabon Maci, da salularta a ƙulle a bakin zane. Na buɗe fuskar ruter a kan ordinater, inda yake nuna waɗanda suke ciki a lokacin. Ga sunana. Ga wata salula da ban sani ba.

Tagar birona tana kallon titi. Tsallake akwai bishiyar bedi da bencin mai shayi. Motar Zakiru tana ƙarƙashin bedin, gilashi a sauke, gwiwar hannunsa a waje, kansa a sunkuye. Yakan zo nan da rana, sau da yawa. Zato nake don ya ga fitowata ne. Har na rubuta wa Kausar haka, da alamar dariya a ƙarshe.

Na sa kibiya a kan sunana, na danna. Na fitar da shi.

Kan Zakiru ya ɗago. Ya girgiza salula. Ya miƙa ta sama ta taga, yadda mutanenmu suke yi, kamar rezo tsuntsu ne da zai sauka a kanta. Ya dawo da ita. Ya kara a kunne, ya sauke, ya danna, ya sake karawa a kunne, ya sake dannawa. Kamar mai kwafar abin da ake karanto masa.

Sunana ya dawo kan ordinater.

Na sake fitar da shi. Ya sake ɗagowa. Na yi ta yi, ban san don me ba. Ina jin so nake wani karon kan da zai ɗago ya zama na mai shayi.

Sai na bar shi, na buɗe mel ɗina. Akwai amsar Kausar ta safiyar ranar, ban karanta ba tukuna, rubutunta da kauri yadda sabon saƙo yake. Hannuna yana kan cinyata. Ina kallo, rubutun ya sirance.

An buɗe.

Shafin da yake fitowa bayan mutum ya shiga yana da ɗan hoton ambulan a sama, don sauƙin ma'aikata. Ni na sa shi. Zakiru ya yi lise, babbar sakandare, yana karanta Faransanci.

Kun taɓa shan fura kun kai rabi, sannan kuka ga abin da yake kwance a gindin kwano? Ba kuka ya zo mini ba. Miyau ne ya cika mini baki. A kan tebur akwai ƴar fulas ɗina ta shayi da na'ana'ar da ya kawo. Na ɗauke ta na je bayan gida na tuttule, na wanke fulas ɗin da omo, na wanke hannuna har gwiwa. Na tuna da na rubuta wa Kausar ranar da ciwon mara ya kwantar da ni. Na tuna washegari ya aiko da saƙo: Allah ya ƙara sauƙi, jikina ya ba ni ba ki da lafiya. Na tuna na nuna wa Gwaggo saƙon.

Abin da ya kamata in yi shi ne in sauya kod nan take. Ban sauya ba. Na rufe wa kont ɗin hanyar takardun aiki, na bar mel. Na aika wa Kausar a WhatsApp:

Mel ɗin da zai zo yanzu ba naki ba ne. Kada ki amsa.

Na waye?

Na mai ji kafin a faɗa.

Ta aiko da alamar tambaya har layi ya cika. Na kife salular, na rubuta:

Kausar, komai nasa ya yi mini sai abu ɗaya, kuma kunya ta hana ni faɗa. Gashin bakin nan. In ya sha shayi sai in ga ɗigo a rataye a jiki, sai zuciyata ta tashi. Ba na jin zan iya ce wa Baba eh ranar Alhamis.

Na aika. Ban leƙa taga ba.

Alhamis da la'asar Gwaggo ta cika gida da turaren wuta har akuya tana atishawa. Ta fito mini da lafaya ruwan zuma da sarƙar da Inna ta yi aure da ita. Na sa tsohuwar atamfata mai ganye-ganye, wadda nake wanki da ita, na yafa baƙin mayafi.

"Haka za ki fita? Kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa?"

"Zafi ake, Gwaggo."

An shimfiɗa tabarma a zaure. Na ji tsayuwar mota, na ji sallama. Na shiga na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Shadda ruwan toka, sabuwa, tana ƙara in ya motsa. Takalmi mai sheƙi. Agogo. Sannan na ɗago.

Babu.

Tsakanin hancinsa da leɓensa fili ne fetal, fatar wurin ta fi sauran fuskar haske, kamar cinyar kaza da aka fige. Akwai ɗan yanka a gefe inda aska ta ci. Leɓen saman ashe dogo ne. Ban taɓa sanin yana da shi ba.

Yatsunsa biyu suka tafi wurin, ba su tarar da komai ba, suka dawo.

"Na ɗan rage," ya ce. "Zafi."

"Ya yi kyau. Wa ya ce ka aske?"

"Babu kowa. Raina ne ya ba ni."

"Ranka yana ba ka abubuwa da yawa. Da wace salula yake ba ka?"

Ya yi dariya. Na jira ta ƙare.

Na ce, "Ranar Talata kana ƙarƙashin bedi. Ni ce nake fitar da kai. Saƙon gashin baki kai na rubuta wa, Kausar ba ta ma karanta ba."

Na yi zaton zai musa, ko ya rantse, ko ya sunkuyar da kai. Na shirya wa duka ukun. Abin da ya yi ban shirya masa ba. Gyara zama ya yi, ya saki kafaɗa, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"To alhamdu lillahi, tunda kin sani. Ai bincike ne, Hamdiya."

"Bincike."

"Wa yake aure babu bincike? Ku ma naku sun je unguwarmu sun tambayi limami, sun tambayi maƙwabta. Ni wa zan tambaya? Shekara biyar kina ƙasar Larabawa, babu uwa babu uba. In tafi Fas in tambayi limaminsu? Ƴan'uwana mata kullum suna cikin kunnena: ƴar Maroko, ƴar Maroko, wa ya san abin da ta yi. Yanzu na rufe musu baki. Na karanta tun daga na farko, har waɗanda kika rubuta kina can. Babu namiji ko ɗaya." Ya yi murmushi da wannan tsiraicin leɓen. "Na same ki tsab. Ai murna ya kamata ki yi."

"Ƴan'uwanka sun ji abin da yake ciki?"

"Kaɗan. Inda ya kamata. Na fassara musu."

"Har da ciwon mara?"

"Haba, ai mata ne su ma."

Na gyara mayafina.

"Wa ya ba ka kod?"

Ya ciro salula, ya danna, ya ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu. Sai ga muryata, daga bayan ɗakin horo a Maradi, a hankali, cikin ladabi: Gwaggo, ki fara da babban baƙi, kin gani? Sai ki sa...

Labulen zaure ya motsa. Dama na san Gwaggo tana bayansa, ƙamshin turarenta ya riga ta.

"Ni na ba shi," in ji Gwaggo. Ta shigo tana gyara ɗaurin zane. "Kuma gobe ma sai in ba shi. Ana ta yawo da ke a bakin rijiya, ana cewa kin zubar da ciki a Maroko, ke kina can kina danne-danne ba ki sani ba. Na ce ɗiyarmu ba ta da abin ɓoyo, ga mabuɗi, ku shiga ku duba. Mutuncinki na wanke. Mi ya rage a jikinki?"

"Gwaggo, da kin tambaye ni."

"In tambaye ki ki ce a'a?"

Ita kenan. Ta san amsar, shi ya sa ba ta tambaya ba.

Zakiru ya ɗauki salularsa, ya sassauta murya, irin muryar da ya kawo na'ana'a da ita. "Kuma ni mai rufin asiri ne. Akwai wanda kika rubuta kan garin nan, da gidanku, da Baba. Wannan ban fassara wa kowa ba. Ba zan so ya ji a bakin wani ba."

Na gane. Ku ma kun gane.

Na ciro tawa salular. A gabansa na shiga sarber, na sauya kod, na fitar da duk wanda yake ciki da sunana. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a ɗaura ɗankwali ba. Na miƙe.

"Ka gaida gida. A riƙa shafa man kaɗe a wurin, yana hana ƙuraje."

Bayan magariba Baba yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki, da carbi da rediyo a kashe. Baba dillalin shanu ne, ba ya son dogon bayani. Inna tana bakin murhu, bayanta gare mu. Gwaggo ta ja kujera kusa, ta riga ni fara magana. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Da bakinta na ce."

Na durƙusa. "A'a, Baba."

"Dalili?"

Na gaya masa. Na ce wasiƙuna ne da nake rubuta wa ƙawata, suna cikin ɗaki a kulle, an ba shi makulli, ya yi watanni yana shiga, yana kwasa yana kai wa ƴan'uwansa. Sannan na ce, "Akwai wadda zai kawo maka, gara ka ji daga gare ni. Na rubuta cewa ranar da na dawo warin garke ya sa ni amai. Na rubuta cewa na tsani garin nan. Na rubuta cewa in kana yi mini magana ji nake kamar baƙuwa ce ni da aka ce a yi wa kirki."

Muciyar Inna ta tsaya a cikin tukunya.

Baba ya ja carbi, ƙwaya ɗaya, biyu. Bai dube ni ba.

"Har yanzu?"

"Warin na saba. Sauran da sauƙi."

"To." Ya juya wajen Gwaggo. "Uwale, tun ina saurayi nake kasuwar dabbobi. Ban taɓa buɗe bakin saniya in duba haƙori mai ita ba ya wurin ba."

Ban ji daɗin zama saniya ba. Amma na karɓa.

"Yaya, mutuncinta fa na..."

"Gobe ki je ki gaya musu kada su wahalar da ƙafarsu. Ke kika buɗe, ke za ki rufe."

Ya kunna rediyo. A gidanmu ma'anar wannan an tashi taro.

Inna ta zuba tuwo. Da ta zo ajiye nawa, ta ɗora mini ƙashin da ya fi tsoka, wanda kullum na Gwaggo ne. Ba ta dube ni ba. Ita ma amsarta kenan.

Na san abin da yake jirana. Ya kwafi abin da ya kwafa, kuma bakin rijiya ba ya rasa masu sauraro. Da safe na je na gaya wa Mushe Mamani duka, don kont ɗina ne, laifina ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Direba ya ba mai shayi, ke kin ba suruki. Ke da shi wa ya yi Maroko?" Na wuni ina raba makullai: na wifi daban, na mel daban. Kowa zai haddace biyu, ko ya rubuta a tafin hannu biyun.

Da na dawo gida Gwaggo tana wurin akuya a kan kujerarta. Tun jiya ba ta yi mini magana ba. Tana ta miƙa salula sama, tana saukewa, tana girgizawa. Na wuce. Na kai ƙofar ɗaki sai na ji ta, ba da ƙarfi ba:

"Ke. Abin nan ya ƙi. Abarci ya aiko bokal."

Na dawo. Na durƙusa, na karɓa da hannu biyu, yadda ta koya mini. Shafin yana buɗe: suna, kod. Na duba shi sosai. Na mayar mata da hannu biyu.

"Gwaggo, mai gadin ya ce bai san ki ba."